Sandar da Baba yake jin inji da ita

Shekara tara ke nan da muka binne Baba Ishaya a bayan mujami'a, kuma har yau in na ji warin gazuwal, man dizal, a hannun wani sai gabana ya faɗi. Ni ce babbar ɗiyarsa. Mu biyu ya bari, ni da ƙanwata Rahila, sai tsohuwar motarsa bashe mai buɗaɗɗen baya, mai ruwan toka, wadda duk mai bin hanyar Madawa zuwa Galma a wancan lokaci ya san ta. Ranar kasuwa albasa take ɗauka, sauran ranaku marasa lafiya daga ƙauyuka zuwa asibitin mishan. Motar ta girmi auren iyayenmu.

Mutane suna tuna shi da haƙuri. Ni da sanda nake tuna shi. Guntuwar sandar aduwa ce, ta yi baƙi ta yi santsi don yawan riƙo. In inji yana aiki, sai ya ɗora bakinta ɗaya a jikin ƙarfen, ɗayan ya manna a kunne, ya karkata kai, ya runtse idon hagu shi kaɗai. Can sai ya ce piston na uku ya gaji, ko kuwa wani ƙarfe yana cin ɗan'uwansa a ƙasa. In ya gama, sai ya ɗaga Rahila ya tsayar da ita a kan taya, ya sa mata sandar a kunne, ya ce, "Mi kika jiya, ɗiyata?" Tana faɗi yana dariya, yana gaya wa na kusa cewa yarinyar nan tana da kunne.

Ni kuwa wurina gindin dogon-yaro ne, nesa da mota, da tasar gazuwal a gabana. Duk sa'ad da ya sauke inji, yakan shimfiɗa tabarma ya jera kayan bi da bi yadda suka fito, na farko wajen gabas, na ƙarshe wajen yamma, ko kaza ba ta tsallakawa. Ni nake wanke su in mayar da kowane gurbinsa. Ban taɓa ɓata jeri ba. Ban kuma taɓa jin an tambaye ni abin da na jiya ba.

Inna ta gaya mini dalili. Wai ina ƙarama na leƙa cikin inji yana aiki, igiyar fanka ta fizge ɗankwalina haɗe da gashi. Tabon yana nan bayan kunnena. Ta ce ran nan Baba ya tsorata, tun daga nan bai ƙara yarda in matsa kusa ba. Na san wannan, amma sanin bai rage mini komai ba. To ita Rahila ba ta da gashi ne? Yarinya ba ta ganin tsoron da ke cikin uba. Wanda aka ɗaga take gani, da wanda aka bari a ƙasa.

Da ya rasu, sandar hannun Rahila ta koma, ba wanda ya ga abin tambaya a ciki. Motar kuma ta zauna kan duwatsu shekara da shekaru, kaji na ƙwai a cikinta. Bara ne Rahila da mijinta Yohanna, wanda yake makaniki a Madawa, suka ja ta zuwa garejinsa. Suka sauke injin, aka kai shi Maradi aka gyara ramukan piston da suka cinye, aka sa sababbin piston da suka ɗan fi na da kauri. Suka cire tsohon dinamo suka sa na zamani, suka sa babbar radiyato, don a da in ta hau tuddan Buza sai ta tafasa, fasinja su sauka neman ruwa.

Nakan tambayi kaina abin da Baba zai ce da ya gani. Zai yi gunaguni, shi da yake yanka kwali ya toshe abin da yanzu ake saye a kwali. Zai tsaya kan maganar tabarma, don su a gwangwanaye suke zuba kaya, su ɗauki hoto da waya don kada su manta. Ba wanda ya nemi jerina. Amma daga ƙarshe zai yi murna, na kuma san sunan da zai kira.

Ɗiyata Hannatu shekararta shida. Na je da ita gaisuwa wurin Rahila, ta manne wa garejin, ta dawo da baƙin mai har gwiwar hannu. Rahila ta ce, "Yaya, ki riƙa bar mini ita ran Asabar. Yarinyar nan tana da kunne." Na ji maganar har cikin haƙorana. Na ce a'a. Na ce akwai fanka, akwai ruwan batir, akwai motar da aka ɗaga kan dutse. Duk gaskiya ne, ni ko tari Hannatu ta yi sai abinci ya fita raina. Sai dai a ƙarƙashin gaskiyar akwai wata: an raba uba an ba Rahila babban kashi, yanzu kuma ga ɗiya.

Ranar da za a tayar da injin, Inna ta matsa sai da muka je. Injin ya yi tari, ya yi shiru, sannan ya kama, muryarsa ta fi ta da kauri. Inna ta rufe fuska da gyale. Rahila ta fito da sandar. Hannatu ta zabura, na damƙe hannunta har ta ce mini, "Inna, da zafi." Sai na duba na ga inda muke tsaye: gindin itace, nesa da mota. Ba ta yi kuka ba. Kallon Rahila kawai take yi, irin kallon da na sani daga ciki.

Na cire mata ɗankwali, na tattara kitsonta na ɗaure tam. Rahila ta miƙo hannu za ta ɗauke ta, na ce, "Bari. Ni zan ɗaga abuna." Na tsayar da ita kan taya, hannuna biyu zagaye da cikinta. Ta sa sandar a kunne, ta karkata kai, ta runtse idon hagu shi kaɗai. Yarinyar da ba ta taɓa ganin Baba ba. Rahila ta buɗe baki za ta tambaya, na riga ta.

"Mi kika jiya, ɗiyata?"

"Kamar mata na daka, Inna, amma ba mai kuskure."

Ba zan ce na warke ba. Sandar tana wurin Rahila, in na ga ta zaro ta daga aljihu har yanzu nakan kau da kai. Ran Asabar ni da Hannatu tare muke zuwa garejin, in zauna idona na kan fanka, ba na ko ƙiftawa. Amma in ana lissafin abin da Baba ya bari, motar nan rabinta yanzu sabon ƙarfe ne, sandar kuma itace ce, wata rana za ta karye. Wannan idon hagun da ke runtsewa, ba a gareji aka samo shi ba. Ta cikina ya biyo.