Rabin Darasin Yaya

Yayanmu malamin jami'a ne, falsafar addini yake koyarwa. Kada ka tambaye ni mece ce ita, ni ɗinki na sani. Abin da na gane dai, aikinsa shi ne ya yi wa imani tambaya, sannan ya nemo amsa. Tun yana ƙarami haka yake. Ko ruwa ka ce masa ya yi sanyi, sai ya ce, "Amma fa..."

Darasinsa kashi biyu ne. A zangon farko sai ya tsaya gaban allo ya koma mai shakka: in Allah mai rahama ne, me ya sa jarirai ke shan azabar ciwo? Yakan gina hujjar da kyau har ka rantse tasa ce. A zango na biyu kuma ya bi ta daki-daki da amsoshin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tarawa. Mutumin da ban taɓa ganin lokacin ibada ya wuce shi ba ke nan.

To, sai aka sauya tsarin karatu. Kashin farko ya zama dole a kan kowa, na biyu na ganin dama. Wane ɗalibi ne zai jajibo wa kansa wahalar da ba a tilasta masa ba? Suka yi ta raguwa. Wata rana na kai masa rigar da na ɗinka, na tarar da shi a aji, ya cika allo da rubutu, fanka na juyawa, kujeru ba kowa. Bayan nan aka soke kashi na biyun, aka zuba kwamfutoci a ɗakin.

Na ce, "Yaya, ka sassauta na farkon mana. Ko ka riƙa cusa amsar a ciki."

Ya ce, "Lokacin ba ya isa. Kuma in na rage wa tambayar ƙarfi, ranar da suka gamu da ita a waje za su ce ƙarya na yi musu."

Taurin kai sai ka ce na jaki. Raina ya ɓaci, tausayinsa kuma ya hana ni faɗa. Ya yi ta zarya ofishin shugaban sashe, kullum a ce ana dubawa. Ƙarshen kowane zango yakan roƙi ɗalibai su same shi a ofis su ji sauran. Su ce to, shi ke nan. A haka ya yi ritaya.

Kwanan baya na raka shi asibitin ido. Muna fitowa wani magidanci ya tare mu, da gani ya ji daɗin ganinsa.

"Malam, ni ɗalibinka ne. Kai ka buɗe mini ido. Tun daga ajinka ban sake yarda da komai ba. Na gode."

Yaya ya kama hannunsa da hannu biyu. "Zauna, ɗana. Rabin darasin ka ji, akwai saura."

"Wani lokaci, Malam, ana jirana." Ya zame hannunsa cikin ladabi, ya shiga mota.

Muka tsaya bakin titi, maganin da aka ɗiga wa Yaya na gangarowa a kumatunsa. Can ya ce, "Auta, kina ganin su nawa ne irinsa?"

Na san zauren lacca mafi girma a jami'ar ake ba shi don kashin farko, kuma kowace shekara cika yake maƙil. Na kama hannunsa muka tsallaka.