Bangon Makarantar Bungudu

A shekarar da soja suka miƙa mulki ina da shagon zane a Sabon Garin Gusau, kuma a ganina babu mai riƙe buroshi a garin da ya kama ƙafata. Allon shago, bayan gingimari, ƙofar ɗakin ɗinki, duk ni ake nema. Abin da aka fi sanina da shi jinjirin wata. Da jan hannu biyu nake fitar da shi, in ɗiga tauraro a bakinsa, direba ya tsaya yana kaɗa kai.

Ɗan kawuna, wanda na girma da shekara shida, a hannuna ya koyi aikin. Ni na nuna masa yadda ake sirka fenti da kananzir. Da ya yi aure sai ya buɗe nasa shagon a tsallaken titi, daidai inda ko atishawa ya yi sai na gani. Na sa masa albarka da baki. Amma duk motar da ta tsaya a ƙofarsa, ranar abinci ya fita raina ke nan.

Ana nan sai rediyo ta ce gwamnati ta kafa hukumar binciken sararin samaniya. Shugaban wata makarantar sakandare a Bungudu ya ɗauki zancen da zafi. Ya ce ba mamaki cikin ɗalibansa a samu wanda ƙasar nan za ta tura duniyar wata, don haka yana son a zana 'yan sama jannati tsaye a kan wata a bangon ɗakin kimiyya. Bangon yana kallon babban titi, duk mai zuwa Sakkwato sai ya gan shi, da sunan mai zane a ƙasa. Ban taɓa son wani aiki kamar wannan ba.

Malamin kimiyya ne ya zo a kan babur ya ce kowannenmu, ni da ɗan kawun nawa, ya kawo samfuri a fallen katako nan da mako guda. Ya bar mini wata tsohuwar mujalla mai hoton mutanen da suka taɓa sauka a wata, ya ce tunda ni ne babba in fara dubawa, sannan in miƙa wa ƙanena.

Na duba. Ƙasa ruwan toka, sama baƙi ƙirin, ga wani mutum a kumbure cikin fararen kaya. Na ce a raina wannan ai jujin murhu ne, wa zai so a shafa masa shi a bango? Duk da haka ban miƙa ba. Na cusa mujallar ƙarƙashin gwangwanayen fenti, da ƙanen nawa ya zo karɓa na ce masa yara sun yi wasa da ita, ban san inda suka jefa ta ba. Ya ce ba komai. Ko tambaya ta biyu bai yi mini ba.

Na zauna na zuba basira. Shuɗin sama, jinjirin wata ruwan ƙwai, mutum biyu tsaye a kan ƙahonsa, ɗaya riƙe da tutar ƙasa, taurari ko'ina. Masu shayi da 'yan achaba suka yi ta zuwa kallo suna yabawa. Shi kuwa shagonsa kwana biyu a rufe, har na fara tunanin ya haƙura. Daga baya na ji Tsafe ya tafi, wajen wani tsohon malamin makaranta da ya saurari saukar mutanen a wata ta rediyo tun yana saurayi. Tsohon ba shi da hoto ko ɗaya, da baki ya kwatanta masa: babu iska, sama baƙa ce ko da rana, sawun ƙafa ba ya gogewa. Daga can ya wuce Kwatarkwashi ya wuni yana kallon yadda inuwa ke kwanciya a gindin duwatsu.

Ranar kai samfuri mota ɗaya muka shiga, kowa da katakonsa naɗe a buhu, har Bungudu. Ni na fara buɗewa. Shugaban makaranta ya yi murmushi, malamin kimiyya ya sosa ƙeya. Da ƙanena ya buɗe nasa sai ga toka da baƙi, mutum ɗaya da doguwar inuwa, sawun takalmi a bayansa, da wani ɗan shuɗin abu rataye can sama. Dariya ta ƙwace mini.

"To ina watan?" na tambaye shi.

"Yaya, ai bisa nai shike tsaye," in ji shi. "Wancan ɗan shuɗin, mu na, duniyarmu."

Nan take na daina dariya. Malamin ya matso yana duba zanen, ya ce lallai ƙanena ya yi wa mujallar nan kallon tsanaki. Na ce a raina yau asirina ya tonu. Ƙanena ya ɗan dube ni, sannan ya ce wa malamin ai yayansa ya taimaka masa ƙwarai. Wallahi da ya tona ni da ya fi mini sauƙi. Ga shi ya fi ni zane, ga shi kuma ya fi ni hali, duk a gaban mutane.

Shi aka ba aikin. Washegari na ciro mujallar na karkaɗe ta, na tsallaka titi na ajiye masa a kan benci ba tare da na yi bayani ba. Ya daɗe yana kallon hoton. Ina tsaye ina jiran zagi, ko gori, ko wani abu da zan riƙe in ce shi ma ya yi mini. Sai ya ɗago ya ce ashe takalman nasu sun fi haka girma, gara da ya gani kafin ya hau bango.

Mako uku ya yi a kan tsani. Direbobi suka riƙa zuwa shagona suna ba ni labarin zanen ƙanena, ina cewa masha Allah. Shekaru na yi ina bin hanyar nan, kuma duk lokacin da zan shiga mota a tasha sai na zaɓi kujerar ɓangaren da ba ya kallon makarantar.