Kwanon Ruwan Injiniya Sammani

A makarantarmu ta Sabon Gari muna da yara, muna da allo da alli, muna da iyaye masu son karatu. Abin da muka rasa shi ne bene mai zama lafiya. Azuzuwanmu suna sama. A ƙasa, jikin bango, akwai injin niƙan Madam Nkechi, wadda mijinta ya rasu ya bar mata shi da marayu. Da zarar ta tayar da injin sai tagogi su hau kaɗawa, alli ya gangaro daga tebur, rubutun yara ya karkace. Autarta Ogechi tana ajina.

Wanda ya raba mu da wannan damuwa shi ne Injiniya Sammani, da ya ajiye aikin koyarwa a jami'a a watan jiya.

Mutanen Kwaciri sun san shi. Da safe yakan fito a kan tsohon babur ɗinsa, ya biya wajen masu faci a Fagge yana tsintar tsofaffin tayoyi. A wurin aikinsa yana da wani tebur mai girgiza. Sai ya gina ɗan ƙaramin gida a kai, ya girgiza shi ya rushe, ya sake ginawa. Bincikensa ke nan: yadda gidan talaka zai tsira idan ƙasa ta girgiza. Abokan hirarsa a majalisar unguwa ba sa barin sa ya huta.

"Injiniya, wai yaushe girgizar taka za ta iso Kano? Ka sanar da mu, mu ɗaure awaki."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce, "Allah ya sa in mutu ba ta zo ba. Amma akwai bayin Allah da take kai wa ziyara."

A shekarar da sojoji suka koma bariki, mai benen ya kawo magini ya zuba siminti, ya haɗe gindin injin da bango, wai don ya riƙe shi. Sai abin ya ƙaru, har tsaga ta fito a bangon ajina. Iyaye suka kai kuka wurin sabon kansila, tunda yanzu akwai wanda suka zaɓa. Ya zo ya duba ya ce, ko a cire inji, ko a rufe makaranta.

Yara suka juya kan Ogechi. "Injin mamanki zai kashe mu!" Na tsawata musu, amma yarinya ta daina ɗaga hannu a aji, ta koma zama bakin ƙofa.

Matar Injiniya wurin Madam take kai niƙan wake, ita ta kai masa labari. Da ya zo, kafin ya buɗe jakar na'urorinsa, kwanon ruwa ya nema. Ya ajiye shi a tsakiyar ajina, ya kira Ogechi ya ce, "'Yata, yau ke ce idona. Duba min ruwan nan." Aka tayar da inji. Ruwa ya yi ta tsalle har ya jiƙa mata takalmi.

Da muka sauka, Madam ta tare shi, hannunta duk gari. "Oga Injiniya, in za ka ce a cire injin nan, ka haɗa da ni."

"Kwantar da hankalinki, Madam. Injinki ba shi da laifi. Ɗaure shi aka yi da bango, duk rawar da ya taka sai bango ya taya shi."

Ya dawo da ɗalibansa a ƙarshen mako. Suka fasa simintin, suka bar tazara kamar faɗin tafin hannu tsakanin inji da bango. Suka zuba wa injin gindi nasa shi kaɗai, suka ɗora shi a kan robar taya da faranten ƙarfe, hawa-hawa, irin wanda ya daɗe yana gwadawa a teburinsa. Ya bi ginshiƙan benen ɗaya bayan ɗaya, ya ce lafiyarsu ƙalau, sannan aka gyara tsagar.

Ranar gwaji kansila ya zo, iyaye suka cika baranda. Aka ajiye kwano, Ogechi ta durƙusa a gabansa. Inji ya tashi da ƙararsa kamar kullum. Ruwa ya ɗan yi motsi, ya tsaya. Kansila ya dafa bango, ya jima bai ɗauke hannu ba. Can sai muka ji muryar Madam daga ƙasa:

"Ogechi! Ya zube?"

Yarinya ta ruga taga. "Bai zube ba, Mama!"

Na ji wata uwa a bayana ta sauke ajiyar zuciya tana hamdala. Makaranta ba a rufe ba, inji ba a cire ba.

Injiniya, kai ne ka yi shekaru kana shirya wa bala'in da kake roƙon kada ya zo, ana yi maka dariya ba ka fasa ba. Kai ne mai sauke ilimi daga jami'a ya kai shi gindin injin niƙa. Ɗalibanka sun kai wannan dabara wajen masu ɗab'i da masu manyan janareto, kuma na ji baƙi daga ƙasashen da girgiza ke addaba sun zo kallon teburinka. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya sa ka huta lafiya. Masu ilimi kuma su yi koyi da kai, su riƙa leƙa unguwa.

Washegarin gwajin na tambayi ajina abin da suka koya. Ogechi ta ɗaga hannu, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ta ce, "Malam, injin Mama bai daina rawa ba. Wurinsa aka ba shi, shi ya sa bango ya huta."