Dubiyar ƙugun Baba

Babanmu ya yi shekaru yana sayar da goro a kasuwar Adjamé da ƙugun roba da ƙarfe, wanda aka sa masa bayan ya faɗi a kan babur. Yana alfahari da shi kamar sabuwar mota. Da ƙugun ya fara ciwo, ni na raka shi asibiti a Treichville, don Faransancinsa bai wuce na ciniki ba.

Likita ta ce gaɓar tana goguwa, tana zubar da gari. Jiki yana ɗaukar garin a matsayin abokin gaba, yana yaƙarsa, wurin ya kumbura, ƙashin ya fara cinyewa. Idan ba a sake aiki ba, ƙafar za ta daina ɗaukarsa. Baba ya ce wuƙa ba za ta sake taɓa shi ba.

Na tambayi likita ko babu wani magani. Ta ce masu bincike suna duba wasu wurare a jikin mutum da ke karɓar sinadarin wiwi, ko za su kwantar da irin wannan kumburi, amma abin bai wuce gwaji ba, kuma shan hayaƙin ba ya kwashe garin. Na fassara masa daki-daki, ina jin daɗi, domin Baba mutum ne da ke korar mai turin kaya idan ya ga idonsa ja.

"Har a jikina?" ya tambaya.

"Har a jikin liman, Baba."

Haushi ya sa ya ba maƙwabcinsa na kasuwa labari. Maƙwabcin ya riƙe rabin maganar, ya zubar da sauran, ya baza cewa wiwi ne maganin ƙugun Baba.

A wurinmu ba a zuwa dubiya hannu rabbana, kowa da maganin da yake kawowa. Dattawan sahun gaba na masallaci suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya yi masa sannu irin ta mutanen garin, ya ce, "Yako, Alhaji, Allah ya sawwaƙe," ya waiga, ya tura ƙullin takarda ƙarƙashin matashi, ya ce wani ne ya ba shi. Baba ba ya iya mayar wa babba kyauta. Ɗakin ya fara wari, ni kuwa sai in fita tsakar gida in yi dariyata.

Dariyar ta tsaya ranar da ya kasa tashi alwala. Na ji tsoro sosai. Innarmu, wadda ko ƙanshin taba ba ta so, ta shigo da yamma ta zauna a bakin gado, ta kwance bakin zaninta. Ƙulli ne ɗan ƙarami. Da kanta ta je bayan tasha ta saya, a cikin hijabinta.

"Alhaji, na gaji da jin nishinka," ta ce.

Baba ya daɗe yana kallon hannunta. Sai ya juyo gare ni.

"Kira likitar nan. Ki ce ta wasa wuƙarta."