Saƙon Inna ta Bakin Mage

Gidan da kamfani ya ba ni a Nassarawa GRA, unguwar manya ta Kano, ya fi ƙarfina, gaskiyar magana ke nan. Baturen da na gaji kujerarsa a masaƙa shi ya zauna a ciki da iyalinsa. Da ya tashi komawa ƙasarsu sai ya bar min labulaye, da firji mai gurnani, da wata baƙar mage da ta ƙi bin kowa. Shekarun nan ne da kuɗin mai ya ɓarke, ana ta damƙa wa 'yan ƙasa kamfanoni, duk mai digiri sai ka ji an ce da shi manaja tun gemunsa bai gama fitowa ba. Ni ma haka aka yi min. Sai dai ni manajan da ke fargabar taron daraktoci ne, don in suka shiga maganar da ban gane ba, ba abin da nake yi sai gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Unguwar kuwa, wallahi ban taɓa zama wuri mai shiru irinta ba. Gida nan, gida can, tsakani sai shinge da darbejiya da mangwaro. Maƙwabcinka sai dai ka san motarsa. Ni da na tashi a garin da in ka yi atishawa a ɗakinka maƙwabta ne za su amsa maka! In na dawo daga aiki nakan yi sallama a ƙofar falo saboda sabo, ba mai amsawa, sai dai magen ta ɗago kai ta mayar. Kaɗaici ya dame ni, kuma ba wanda zan gaya wa, don duk wanda na fara yi wa ƙorafi cewa yake, "Kai da kake GRA, me ya dame ka?"

Gyaɗa kan nan ne ya ishe ni, na rubuta wa wata jami'a a ƙasar waje ina neman gurbin digiri na biyu a fannin tafiyar da kasuwanci. Suka aiko da fom, kauri kamar littafi. Na bi tsofaffin malamaina har suka yi min shaida, na karɓo sakamakon jarrabawata, na ɗauko tafireta daga ofis na aje a teburin cin abinci, tunda dama ba mai ci a kansa. Har da shafin da aka ce mutum ya zauna ya yabi kansa. Kai, mutanen nan! A wurinmu wa ke yabon kansa in ba mara kunya ba? Haka na daure na yi, ina bugawa ina waiwaye kamar ɓarawo. Komai ya kammala, na sa a ambulan, amma ban liƙe ba. Abu ɗaya ya rage, kuma ba ya cikin abin da jami'ar ta nema: yardar Inna.

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, kuma ba zan tsallaka teku in yi shekaru ba tare da albarkar uwa ba. To amma ni ɗan fari ne. Inna tana kunyata irin kunyar mutanen da, ba ta faɗin sunana, ba ta kallon fuskata, ba ta yi min magana baki da baki. Ana yaye ni aka kai ni gidan Goggo, ƙanwar mahaifina, can wani sashe na gari. Ita ta raine ni, ita nake yi wa shagwaɓa, ita kuma ta rasu ina jami'a. In na je gaida Inna nakan durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta juya wajen ƙanwata ta ce, "A ce masa ya zo lafiya?" Ƙanwata ta maimaita min, alhali ina ji. Haka muka rayu, ban taɓa ganin laifin kowa ba, amma abin yana min ciwo.

Na aika ƙanwata da maganar karatun. Amsar da ta kawo ita ce, "Yaya, ta ce ta ji." Na sake aikawa. "Ta ce ta ji." Haba! "Na ji" ai ba "je ka" ba ce. Kuma in faɗi gaskiya, can cikin raina ina son ta ce kada in tafi. Da ta hana, da na san aƙalla zamana kusa yana da wani amfani a wurinta.

Ana haka yanar ido ta matsa wa Inna. Na ɗauko ta zuwa Kano aka yi mata aiki, likita ya ce ta zauna kusa har ya sake dubawa, kuma a riƙa ɗiga mata magani safe da yamma. Ƙanwata ta biyo ta don jinya. Gidan ya ɗan yi rai, na fara jin ƙamshin daddawa a kicin ɗin Bature. Ba a jima ba aka aiko cewa ɗan ƙanwata ya kwanta da ƙyanda, dole ta koma. Tana yafa gyale tana min dariyar mugunta.

"Yaya, yanzu wa zai riƙa yi muku tafinta?"

Na ce, "Tafi can, Allah ya ba yaro lafiya."

Tana fita na gane ba wasa take ba. A garinmu ba a rasa na aike, ko jika, ko maƙwabciya, ko mai tallan fura da ta leƙo. A Nassarawa ba mai leƙowa. Kuku yana gama girki yake komawa ɗakinsa na baya, mai gadi yana can bakin ƙofa, kuma Inna ba za ta aiki baƙon namiji wurin ɗanta ba. Ta ƙi kujera, ta shimfiɗa tabarma a gefen falo tana jan carbi, ni ina teburina ina juya takardun da na riga na gama. Wuni guda muka yi haka. Da ni kaɗai ne da shirun bai kai haka nauyi ba.

Washegari ina zaune sai na ji muryarta.

"Ke, a ce wa masu gidan nan iskar fankar nan ta ishe ni."

Na waiga ina neman wanda ya shigo. Ba kowa. Magen ce kwance a bakin tabarmarta tana lasar ƙafa. Na danne dariya, na tashi na kashe fanka. Daga nan hanya ta buɗe. A ce wa masu gida miyar kuku ba gishiri. A tambayi masu gida ina gabas take a wannan gida mai ƙofofi barkatai. Magen da ta raina kowa sai ga ta ta tare a gindin Inna, kamar ta san an ba ta muƙami.

Maganin ido ne ya zama matsala. Ta ce za ta ɗiga da kanta, amma hannunta rawa yake, rabi a kunci rabi a zani. Da yamma ta ce, "Ke, a ce hannun nan ba ya kaiwa." Na wanke hannu na durƙusa gabanta. Dole ta ɗaga kai, dole ta buɗe ido, kuma ba inda idon zai sauka sai fuskata. Ina da shekara kusan talatin, ranar na fara ganin fuskar uwata kusa da kusa. Akwai ɗan tabo a girarta ta hagu da ban taɓa sani ba. Ta ƙura min ido har na gama, sannan ta yi maza ta sunkuyar da kai ta jawo mayafi.

Lokacin rufe karɓar takardu kuwa yana ta matsowa. Wani abokin aikina da ya yi karatu a waje ya ce in ambulan ɗin bai bar Kano a makon nan ba, in haƙura sai baɗi. Kullum zan ce yau zan yi magana, in na zo bakina ya yi nauyi.

Ranar Laraba bayan la'asar, na gama ɗiga mata magani, sai na ƙi tashi. Na zauna a ƙasa nesa kaɗan da tabarmar, na juya wajen magen. Na ji kunyar kaina, babban mutum da ni, manaja guda, amma na daure.

Na ce, "Ke mage, ki tambayar min Inna. Takardar makarantar nan gobe za ta tafi ko ba za ta tafi ba. Karatun shekara biyu ne, kuma wurin da nisa. In ta ce a bari, wallahi an bari."

Carbin ya tsaya a hannunta. Firji yana ta gurnaninsa a kicin. Can ta miƙa hannu ta shafa bayan magen.

Ta ce, "Ke ba ki san komai ba, baƙuwa ce ke. Lokacin da aka kai yaron nan gidan goggonsa, kullum sai na ƙirƙiro aike. In ce zan kai niƙa, in ce zan je barka. Sai in zaga ta bayan katangarsu in tsaya. In na ji muryarsa yana wasa, ko yana kuka, sai in juyo gida in iya cin abinci. Ban taɓa shiga ba. Har ya shiga makaranta ina yi."

Ban motsa ba. Ina kallon tabarma, idona ya cika, ina tsoron in na ɗaga kai za ta daina.

"Da ya aiko da maganar tafiyar nan, na ce na ji, don na rasa abin cewa. Can ɗin ba katangar da zan tsaya a bayanta." Ta goge idon da ba a yi wa aiki ba da bakin mayafi. "Amma ai ba don ni ya yi karatu ba. A ce masa ya aika takardarsa. A ce masa na yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka, ya kai shi lafiya. Ni na saba."

Abin da na yi ta jira ke nan, yardarta, kuma ga shi na samu. Sai dai a lokacin ne na ji ba na son tafiyar ko kaɗan. Ga ta nan kusa da ni, in na miƙa hannu zan taɓa ƙafarta, kuma yanzu na san duk shekarun nan tana nan a bayan katanga. Na so in ce, "Inna, ga ni," in ji ko za ta amsa min sau ɗaya. Amma ta riga ta yi abin da ya fi ƙarfinta, ba zan ƙara mata wani ba.

Magen ta miƙe ta yi hamma, ta fice ta ƙofar kicin abinta. Falon ya rage daga ni sai Inna. Ta juya fuskarta wajen bango tana jira.

Na share murya na ce, "To. Za a gaya masa."