Kufan Kawu a Cikin Gandun W

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Malanville, mu uku: ni, da kawuna, yayan mahaifiyata, da direban da muka ɗauka da motarsa mai buɗaɗɗen baya. Gandun dajin W muka nufa. Jama'a kallon namun daji ke kai su can, mu kuwa kufai muke nema. Cikin dajin aka haifi Kawu, a wani ɗan ƙauye da aka tashe zamanin Nasara yana ƙaramin yaro, can kuma aka rufe mahaifiyarsa. Bana ƙafa ta fara ba shi wahala, ya ce in ba a kai shi yanzu ba, an bari ke nan.

A Guéné muka rabu da kwalta, muka kama jar hanyar Karimama mai gargada. Motar tana tsalle, Kawu yana salati, direba yana rantsuwa wai an gyara hanyar bara. Dama da hagu lambunan albasa ne kore shar, da amalanken shanu. A Karimama muka karya da kopto, wato kwaɗon zogale, da soyayyen kifi, na dala ɗari ya ƙosar da mu uku, mai tuyar ta ƙara wa Kawu kai biyu don furfurarsa.

A bakin gandun aka rubuta sunayenmu, aka haɗa mu da ɗan jagora, wani siririn mutum mara yawan magana. Ya gindaya mana doka: ba sauka sai ya ce, ba ɗaukar ko tsinke, kuma mu fito kafin rana ta faɗi.

Jama'a, ban san ƙasarmu tana da irin wannan daji ba. Ciyawa ta fi mutum tsayi, itatuwa ba wanda gatari ya taɓa. Gwanki ya tsaya tsakiyar hanya yana dubanmu kamar jandarma mai jiran takardu. Zabin daji garke-garke. Ƙudan tsando kuwa sun sha jinina har na daina kirga cizo. Ɗan jagoran yakan dubi ƙasa kawai ya ce ɓauna sun wuce da safe, mu ɗan yi gaba sai ga su kwance a inuwa.

Abin da Kawu ya tuna kaɗan ne: kuka uku a jere, da rafi ta gabas. Har azahar mun duba kukoki wuri huɗu, yana girgiza kai. Direba ya fara ƙorafin esansi, wai man motar zai ƙare. Sai ɗan jagoran ya juyo ya ce, "Baba, ruwan rafin nan fari ne ko ja?"

"Fari, kamar an dama gero."

"To, na san wurin."

Mun isa da la'asar, muka tarar da masu wuri: giwaye biyar da ɗansu a gindin kukokin, suna ɓare bawo. Aka kashe mota. Kusan awa guda muna zaune ba mai tari, rana tana sauka, ni ina kallon agogo, Kawu yana kallon giwaye. Can babbar ta kaɗa kunne ta juya, sauran suka bi ta a natse. Sannan ɗan jagoran ya ce mu sauka.

Kabari dai ba alamarsa, ciyawa ta shafe komai. Kawu yana dogara sanda yana zagayawa, sai sandar ta daki dutse. Muka share ƙasa: dutsen niƙa ne, tsakiyarsa ta lotsa. Ya durƙusa ya shafa shi.

"Na innarmu ne. Nan ƙofar ɗakinta take."

Na dubi ɗan jagoran, na ce ko za a bar mu mu sa shi a mota. Ya sunkuyar da kai. Kawu ne ya fid da shi kunya.

"Bar shi, ɗana. Mai shi ma nan take."

Muka ɗaga hannu muka yi mata addu'a, har da direba.

Mun kwana Karimama, washegari da hantsi muka shigo gida. Mahaifiyata, wadda aka fito da ita daga ƙauyen a goye, ta tare mu tun daga zaure tana tambayar yadda wurin yake. Da ina ganin gandun nan ƙwace ne kawai aka yi wa kakannina. Yanzu na ga da ba a killace shi ba, da tuni garma ta bi ta kan kakata. Kawu ya zauna, ya sha ruwa, ya ce wa ƙanwarsa, "Kwantar da hankalinki. Inna tana cikin inuwa, giwaye ke gadinta."