Koren Jirgin Baba Waran

Na haura shekara ashirin ina riƙe da buroshi a garin Daura, ayyuka da yawa sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da Baba Waran ya shigo shagonmu rungume da wani tsohon akwatin ƙarfe ba. Mako guda ne bayan ƙaramar sallah, ana tsakiyar zafin bazara. Ku da kuka shigo sana'ar nan daga baya kun ce in ba ku labarin aikin da ya fi ci mini rai. To ga shi, amma ba irin labarin da za ku yi mini tafi ba ne.

Shagonmu na rubutun allo ne. Muna yin allunan shaguna da na makarantu, da allon yabo da ake ba ma'aikaci idan ya yi ritaya. Maigidanmu Alhaji Mamman shi ke karɓar aiki ya yanke farashi. Ni kuma ni ne babban gwani, wato duk abin da ya shafi haɗa launi sai ya bi ta hannuna kafin ya fita ƙofa. A gefe nakan sassaƙa ƙananan motoci da jirage na katako, irin na ajiyewa a kan tebur. Allah ya ba ni ido a kan launi, wannan ba yabon kai ba ne. Sai dai ina da girman kai daidai da idon, kuma a lokacin ban san da shi ba.

Baba Waran mutumin Sandamu ne, sunansa Sule. Ya yi aikin sojan sama har ya kai waran ofisa, wato babba a cikin sojojin da ba su da anini a kafaɗa, shi ya sa sunan ya bi shi gida. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, makanike ne. Ya ce akwai wani jirgin yaƙi mai kujera biyu da ya yi shekaru yana kula da shi, matuƙi ba ya hawa sai shi ya sa hannu a takarda cewa lafiya. Jirgin nan yake so in sassaƙa masa ƙarami, kowane inci ɗaya a jikinsa ya tsaya a madadin inci arba'in da takwas na babban. Ya ba ni hotuna biyu marasa launi, da zanen da ya yi da hannunsa.

Na ce, "Baba, launin fa? Hotunan nan ba su nuna ba."

Sai ya buɗe akwatin. Ashe al'adarsu ce a rumfar jirage, idan an yi wa jirgi fenti ya yi saura, kowane makanike sai ya shafe akwatin kayan aikinsa da ragowar. Bayan akwatin duk ya koɗe, amma cikin murfin, inda rana ba ta shiga, launin yana nan kamar jiya aka shafa. Rabi ruwan ƙasa ne, rabi kuma wani kore mai duhu da ban taɓa ganin irinsa a gwangwani ba.

"Malam Lawal," in ji shi, "gara ka sani tun yanzu. Hawan jinin ido gare ni. Na dama ya tafi, na hagu kuma likita ya ce yana bin sahu. So nake in ga jirgin nan sau ɗaya da launinsa kafin a kashe mini fitila."

Na ce masa in sha Allahu wata guda ya isa. Ya bar mini akwatin ya tafi.

Sassaƙa ba ta ba ni wahala ba. Cikin mako uku na gama jiki da fukafukai da wutsiya, na goge da samfefa har ya yi sumul. Ruwan ƙasar ma na same shi a haɗi na biyu. Koren ne ya tsaya mini a wuya.

Ku sani, fentin da ke kasuwarmu na ƙofa da taga ne, mai mai, mai sheƙi. Haka mutanenmu ke so, in allo bai ɗauki ido ba sai su ce an cuce su. Da shi na fara. Da Baba ya zo dubawa, ya ɗaga jirgin a gefen idonsa na hagu, ya yi dariya har da tari.

"Wannan ai koren ƙofar shago ne, ɗana. Jirgin yaƙi ba ya sheƙi. In ya yi sheƙi ai tun daga nesa za a hango shi a harbo."

Na ji kunya ƙwarai, ni da ake zuwa wurina daga Baure da Zango neman launi. Na shiga yawon gari. Na gwada fentin bango, ya ɓarɓare. Na gwada na makaranta irin na yara, ya yi hasken ganyen latas. A ƙarshe na je wurin wani mai fentin mota a hanyar Zango, na tarar da ɗan guntun kore a gindin gwangwani, ragowar wata babbar mota da ya fesa. Ya ce in ɗauka, da ma zubarwa zai yi. Na kawo shago na ɗiga baƙi, na ɗiga ruwan ƙasa, na zuba farar hoda irin ta jarirai don ta kashe sheƙin. Kwana huɗu ina wannan, ina shafawa a guntun katako ina fita da shi rana in kara da murfin akwati.

A nan ku lura da wani hali namu. Mu masu fenti ba ma rubuta haɗi. Da ido muke yi, ɗigo nan ɗigo can, kuma muna alfahari da hakan. Wanda ya rubuta ma har dariya ake yi masa, a ce ɗan koyo ne. Don haka ko a lokacin da koren ya zauna, da za a tambaye ni ɗigo nawa na zuba, ban sani ba.

Ruwan farko ya sauka a makon da Baba ya dawo karo na biyu. Ya fita da jirgin bakin ƙofa, ya juya shi a hankali, yana duba shi ta kowane gefe.

"Shi ne," in ji shi. "Wallahi shi ne. Ba ni abina haka."

Ni kuwa idona ya riga ya ga abin da nasa bai gani ba. A inuwa launin ya yi daidai, amma a rana nawa ya fi na murfin ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, kaɗan ƙwarai. Kuma a makon ne wani ɗan kasuwa a Kano ya nuna mini a waya cewa akwai fenti na musamman da ake yi don irin waɗannan ƙananan jirage, kowane launi da lambarsa, a 'yar kwalba kamar ta man zafi. Kwalba ɗaya ta fi galan na fentin ƙofa tsada, amma ya ce mako uku zai iso daga ƙasar waje. Zuciyata ta riga ta tafi can.

Na ce, "Baba, ka ƙara mini mako uku. Ainihin fentin zan kawo maka, ba kame-kame ba."

"Ɗana, wannan ma ya ishe ni."

"Ba zan bari ya fita da sunana a haka ba."

Alhaji Mamman yana zaune yana jinmu. Ya ce, "Lawal, ba wa mutum kayansa. Mai abu ya ce ya yi, kai mene ne naka? Da babu ai gara ba daɗi."

Na ce, "Maigida, farashi naka ne, launi nawa ne." Haka na faɗa masa, a gaban baƙo. Alhaji ya ƙyale ni, saboda tsarin shagon ke nan. Baba ya miƙo mini jirgin da hannu biyu, ya ce to, gwani ya fi shi sani. Ya hau babur ɗin da ya kawo shi ya koma Sandamu.

Na je Kano da murfin akwatin, muka kara shi da takardar launuka, na zaɓi lamba, na biya daga aljihuna. Da na dawo sai na yi abin da kowane mai fenti ke yi idan yana jiran sabon fenti, wato shirya jiki. Na ɗauki tina, ruwan da ke narkar da fenti, da tsumma na wanke koren nan tas, na sake gogewa da samfefa, na shafa farin fentin shimfiɗa, na ɗora jirgin a kan kanta. Ina yi ina jin daɗi, wai ina rage aiki. Ɗan abin da ya rage na haɗin kuwa ya bushe a murfin gwangwani, na jefar.

Mako uku ya wuce. Na kira Kano, aka ce jirgin sama ba ya ɗaukar irin wannan fenti, sai an sa shi cikin kayan wani da za su taho ta ruwa. Babbar sallah ta zo ta wuce. Na sake kira, aka ce kayan suna hanya. Wani kiran aka ce kuɗin waje ya tashi, sai na yi ciko. Na yi. Daga baya ɗan kasuwar ya rage ɗaukar wayata, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma jira yake. Kullum in na buɗe shago jirgin ne ke fara kallona daga kan kanta, fari fat kamar an yi masa likkafani.

Gero ya fara fitar da kai ranar da 'yar Baba, Malama Hajara, mai koyarwa a firamare, ta zo shagon da hantsi. Ko zama ba ta yi ba.

"Malam Lawal, Baba ya ce a kawo masa jirgin yadda yake. Idon ya ja baya sosai a 'yan kwanakin nan. Sai tsakiyar rana yake ɗan gani, shi ma kamar ta kafar allura."

Na nuna mata kanta. Ta dubi jirgin, ta dube ni.

"Ina launin da ya ce ya gani?"

Na roƙe ta kwana biyu. Tana fita na yi hanyar Zango a guje, mai fentin mota ya ce wannan kore ai tun tuni ya ƙare, mai motar ne ya zo da shi daga kudu, shi bai ma san sunansa ba. Na sayi wani koren mafi kusa, na dawo na hau ɗige-ɗige. Na yi haɗi ya fi goma. Wani ya yi baƙi, wani ya yi shuɗi, kuma ga damina, fenti ba ya bushewa da wuri. Wanda ya fi dama-dama a cikinsu na shafa.

Na isa Sandamu daf da azahar a rana ta uku. Aka fito da Baba tsakar gida aka zaunar da shi a rana. Ya karɓi jirgin, ya kai shi dab da fuskarsa, yana karkata kai yana neman inda hasken ya rage masa. Ya daɗe a haka.

"Wannan ba shi ba ne," in ji shi a hankali. "Ina na rannan?"

Na ce, "Baba, na wanke shi."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya miƙo mini jirgin ya ce in koma da shi in jira fentin, tunda an fara sai a ƙarasa. Malama Hajara ta juya ta shige ɗaki. A hanyar dawowa na tsayar da babur a gindin wata bishiyar gawo na yi kuka, ni da furfurata.

Fentin ya iso da kaka, ana cirar gyaɗa. 'Yan kwalabe biyu, a naɗe cikin jarida. Gaskiya ɗaya ce, da na shafa na kara da murfin akwati, a rana da inuwa, babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Ban taɓa yin aiki mai kyansa ba, kuma ban taɓa tsanar wani aiki kamarsa ba.

Na kai masa tare da akwatinsa. A zaure na same shi, da sanda a gefe. Da na yi sallama sai ya juya fuska wajen da ba nan nake ba. Na ɗora masa jirgin a cinya. Ya bi shi da yatsu tun daga hanci har wutsiya, ya tsaya a ƙarƙashin fiffiken hagu, ya ce nan ne yake fara dubawa kowace safiya. Ya shafa bayan jirgin da tafin hannu.

"Ba santsi," in ji shi. "Ba ya sheƙi ke nan."

"Ba ya yi, Baba."

"Koren fa? Ya yi daidai?"

"Ya yi daidai."

"To alhamdu lillahi. Kai da kake da ido, ka kalle shi da kyau a madadina."

Na zauna a gabansa ina kallon jirgin, yana riƙe da shi a saitin da yake zaton fuskata take. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Da zan tafi ya ce in koma da akwatin, shi ba shi da sauran amfani da launin da ke ciki.

Akwatin ne wancan da kuke gani a ƙarƙashin tebur, wanda nake hana ku ajiye buroshi a kansa. Littafin da nake tilasta muku rubuta kowane haɗi a ciki, kuna gunaguni kuna cewa aikin 'yan koyo ne, daga wannan shekarar ya samo asali. Haka ma dokar da na kafa cewa ba a wanke tsohon fenti sai sabon ya iso an buɗe shi an gani. Waɗannan ƙananan darussa ne, kowa zai iya koyonsu. Babban shi ne wanda na makara ban gane ba: mu masu sana'ar hannu mukan ɗauka aikin namu ne, alhali na mai shi ne, kuma lokacin da muke kashewa wajen gyara shi ma nasa ne. Mutumin nan ya tsaya a ƙofar shagon nan ya ce "shi ne", da sauran idonsa, da abinsa a hannu, ni kuma na karɓe. Yanzu in mai aiki ya ce ya yi, nakan naɗe masa kayansa ko da idona yana ganin aibu. Baba Waran yana nan da ransa a Sandamu, jirgin yana kan tagar ɗakinsa, duk wanda ya shiga sai ya yaba launin. Ni ban sake iya zuwa ba.